Ajiyar da Kawuna Ya Bar Min

A ɗakin bayan shagonmu na Titin Koudoukou, a birnin Bangi, kullum akwai kayan da ba namu ba. Mahaifina ne ya fara wannan tun kafin in yi wayo. Mai tafiya Kamaru saro kaya ya bar keken ɗinkinsa, mai zuwa hajji ya bar tukwanen matarsa, mai rigima da 'yan'uwa ya bar takardun fili. Ajiya ce, kuma ƙa'idarta ba ta da yawa: ba a buɗewa, ba a tambayar abin da ke ciki, ba a karɓar komai a kanta. Ko sharar ɗakin Baba ba ya barin wani ya yi. Da ya rasu na gaji shagon da ƙusoshinsa da kwaɗunansa da igiyoyi da fitilu, na gaji ɗakin bayan, na kuma gaji yardar da mutane suka yi masa, wadda ni ban yi gumin komai ba wajen samunta.

A lokacin da sojoji suka yi bore, karo na biyu ne ko na uku, ni dai na daina ƙirgawa, gari ya rabu gida biyu. Unguwannin bakin kogi suna hannun masu bore, na arewa suna hannun masu gwamnati, mu 'yan unguwar Kilomita Biyar muna tsakiya muna buɗe shago da safe mu rufe in ƙarar bindiga ta matso. Wata safiya sai ga kawuna yana bin wani mai tura amalanke, an ɗoro akwatin ƙarfe mai shuɗin fenti. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Da Sango, yaren ƙasar nan, ana ce wa kawu koya, kuma haka nake kiransa tun ina ƙarami. Mahaifiyata 'yar ƙasa ce, ta musulunta ta auri Baba, shi kuwa yayan nata ya zauna a addininsa na coci, kodayake cocin ma ba ta cika ganinsa ba. Malamin ilimin halittu ne a makarantar lise, wato sakandare, kuma gidansa yana can ɓangaren kogi inda wutar ta fi zafi.

Ya ce da ni da Sango, don Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba: "Zan kai iyali ƙauye. Kujeru da katifa duk wanda ya ɗauka ya ɗauka. Wannan ne kawai ba zan iya sake yi ba. An ce a ɗakin ubanka ko allura ba ta ɓata."

Na ce, "Koya, sai ka dawo ka same shi yadda ka bar shi."

Mu biyu muka cicciɓa muka ajiye a kusurwa. Bai gaya min abin da ke ciki ba, ni ma ban tambaya ba, don na sani sarai. Aikin shekara goma sha wani abu ne a kan kogo guda ɗaya.

Dalilin da na sani shi ne na taɓa shiga kogon. Shekara biyu kafin nan, da rani, ya zo sayen igiya da garin karbir, wanda masu walda ke amfani da shi, shi kuwa fitilar goshi yake kunnawa da shi. Na tsokane shi na ce mutum da karatunsa da gilashinsa ya rasa abin yi sai rarrafe a ramin jemagu. Ya ce mai sayar da fitila da bai taɓa ganin duhu ba bai san abin da yake sayarwa ba. Maganar ta tsaya min a rai, ranar Asabar na rufe shago na bi shi. Tafiyar rabin yini muka yi a bayan motar itace ta hanyar arewa, sannan muka taka a ƙasa har gindin wani tudu.

Bakin kogon bai kai ƙuguna ba, saiwoyin wani ɓaure sun rufe rabinsa. Kafin mu shiga ya ɗauki tsinke ya zana min yadda aka yi ramin ya samu. Saman tudun marmara ce mai tauri, ƙarƙashinta ƙasa ce mai laushi. Ruwan damina yana ratsawa ta tsagogi yana kwashe mai laushin kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, mai taurin ta zauna ta zama rufi. Ya ce har yanzu aikin bai ƙare ba, kowace damina kogon yana ƙaruwa da abin da bai fi cikin cokali ba. Na ce to Allah ya sa rufin ba yau zai gaji ba.

Aikina a ciki shi ne riƙe bakin igiya da rubutu. Igiyar ya ƙulla mata ƙulli a kowace mita. In tsaya a wuri ɗaya da fitila, shi ya ja ɗaya bakin har inda hanya ta karya, ya ƙirga ƙulli, ya duba kamfas, ya kira min lambobi, in rubuta a littafi. Daga nan in je inda yake in tsaya, shi ya ƙara gaba. Da waɗannan lambobin yake zana taswira in ya koma gida. Ya duba shafin farko da na cika ya ce ashe makarantar allo tana gyara hannu, rubutuna ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba.

Kusa da baki manyan jemagu ne, masu fuskar ɗan kwikwiyo da manyan idanu, masu cin 'ya'yan itace. Can ciki sai ƙanana, ba su fi babban yatsa ba, hancinsu a tattare kamar busasshen ganye. Waɗannan, in ji shi, da murya suke gani: su yi wani kuka da kunnenmu ba ya kamawa, ya bugi bango ya dawo musu, su san inda bangon yake. Ƙasa kuwa kashinsu ne har idon sawu, warinsa yana sa hawaye. Na haska na ga kashin yana motsi. Kyankyasai ne da gyare da wasu ƙwari da ban san sunansu ba, a jikin bango kuma wata halitta mai faɗi kamar gizo-gizo da ƙafafu dogaye kamar tsinken tsintsiya, tana jiran su. Koya ya ce babu abin da ke tsirowa a nan, duk abincin wurin daga waje yake zuwa a cikin jemagu. "Kilomita Biyar ke nan," in ji shi. "Jemagun su ne motocin Kamaru. Ran da suka daina zuwa, kowa ya mutu."

A wani ɗaki mai faɗi ya nuna min fasassun tukwane da dutsen niƙa da baƙin hayaƙi a rufi. Ya ce mutane sun zauna a nan suna ɓuya zamanin farautar bayi, kuma dangin kakannin mahaifiyata suna cikinsu. Bai faɗi su wane ne suke farautar ba, ni ma ban tambaya ba. A ɗaki na ƙarshe, wanda sai da muka ja ciki kafin mu kai, ya nuna min wani gyare fari fat, ba ido, da gashin baki da ya ninka jikinsa sau da yawa. Ya bincika duk littattafan da hannunsa ya kai bai ga irinsa ba. Yana fatan wata rana ya aika da shi inda masana za su tabbatar. Daga nan ya kashe fitilunmu duka biyu. Na kama rigarsa na shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakina, shi kuwa ya jira har na gama, bai yi min dariya ba. Na yi farin ciki a ranar nan irin wanda ban cika yi ba, kuma na ƙaunaci mutumin nan. Ina so a san wannan kafin in faɗi sauran.

A ƙofar shagona akwai benci biyu da inuwa, don haka majalisa ta kafu a wurin. Yawancinsu baƙin 'yan kasuwa ne daga Nijar da arewacin Najeriya, masu zuwa su yi shekara biyu ko uku su koma. Ɗan Bangi suke ce min. In na yi magana Sango ta faɗo min a tsakiyar Hausa sai su kwashe da dariya, wani ya ce Hausarmu ta nan miya ce da aka ƙara wa ruwa. Wasa ne, na sani, amma yana ci min rai, don a ƙarƙashin wasan akwai zaton cewa Musuluncinmu ma an ƙara masa ruwa. Na kai har in dangin mahaifiyata suka zo, ta ƙofar baya nake ganinsu. A cikin majalisar akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa, dattijo daga Nijar, marar yawan magana. Shi bai taɓa tsokanata ba, kuma shi ne na fi so ya ɗauke ni cikakken mutum.

Akwatin ya yi kusan wata biyu a wurina lokacin da abin ya faru. Da hantsi wani abu mai nauyi ya faɗi can wajen unguwar Kokoro, gini ya girgiza, gwangwanayen fenti suka zubo daga kanta. Muka ja ƙofa, mu bakwai ko takwas muka dunguma ɗakin baya don shi ne ba shi da taga. Muna nan har azahar ta yi. Da aka zo shimfiɗa tabarma sai aka ga gefenta ya jiƙe, wani wari kuma ya cika ɗakin. Duk wanda ya zauna a Bangi ya san warin nan. Ngbako ne, barasar rogo da masara da mata ke dafawa a bayan gida. Makarantar Koya ta daɗe ba ta da sinadarin adana ƙwari, shi ya sa yake sayen ngbako mafi ƙarfi yana cika kwalabensa da shi. Buhun ƙusa ne ya zamo ya daki akwatin, kwalba ɗaya ta fashe a ciki.

Wani mai sayar da takalma ya shaƙi iska ya ce, "Ashe Ɗan Bangi yana da ajiyar gida bai gaya mana ba."

Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da tsoro ya cika wa ciki suna neman inda za su sauke. Ba wanda ya ce in buɗe. Ni da kaina na fita shago na ɗauko guduma na fasa kwaɗon, kwaɗon da ni na sayar wa Koya, don in nuna musu cewa barasar ba tawa ba ce.

Kwalabe ne jere cikin tsumma, jemagu a ciki da fikafikansu a naɗe. Ga gwangwanin ƙananan ƙasusuwa da ƙoƙunan kai, ga gutsattsarin tukwane kowanne da lamba, ga littattafai tara ko goma, ga taswirar a naɗe cikin leda. Mai takalman ya ja da baya ya ce wannan ai likundu ne, wato maita da Sango, kuma a Bangi ba kalmar wasa ba ce, ana dukan mutum har lahira a kanta. Wani ya warware taswirar ya ga hanyoyi da kibiyoyi da lambobi, ya ce in sojoji suka ga wannan, ko na wane ɓangare ne, za su ce maɓoyar makamai ce.

Alhaji ya bari suka gama, sannan ya tambaye ni a hankali, "Malam, kayan wa ne? Ka san ko mene ne?"

Abin da ya kamata in ce bai fi numfashi biyu ba. Kawuna ne, malamin makaranta ne, karatu yake yi a kan halittun Allah da ke cikin rami, ni ma na shiga na gani. Na dubi fuskokinsu na ce, "Wani mutum ne daga unguwar kogi, ba Musulmi ba ne. Ban san shi sosai ba. Da na san abin da ke ciki da bai kwana a nan ba."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, ko na wane ne, amana ce. Ka cire fasasshiyar kwalbar, ka wanke wurin, ka sa wani kwaɗon, ka bar wa mai kaya kayansa. Mu sai mu yi sallarmu a cikin shago."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya buɗe min hanya, sauran ma sun fara naɗe tabarmi, magana ta mutu. Ni ne na ƙi barinta ta mutu. Na ɗaga murya na ce wallahi wannan ƙazanta ba za ta ƙara yini a ɗakin ubana ba. Ina so su ga Ɗan Bangi ya fi su zafi a kan addini. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina tsoron sojoji ne ya sa ni, don gaskiya ana bincike a lokacin. Amma ba a taɓa bincika shagona ba, kuma a ranar ba sojoji nake tunani ba.

Da harbi ya lafa bayan la'asar, na ja akwatin zuwa tsakar gidan baya inda muke da rabin duro na ƙona shara. Uku daga cikinsu suka biyo ni kallo, Alhaji bai fito ba. Littafin da na fara jefawa shi ne mai rubutuna, na kifa shi don kada wani ya gane hannun, tunda duk sun san yadda nake rubuta lamba. Sauran suka bi, sannan taswirar. Na zuba kananzir kaɗan, amma ban ma buƙace shi ba, don da na fara juye kwalaben wutar ta tashi shuɗiya. A can ƙasa, cikin safa, na sami 'yar ƙaramar kwalba da farin gyaren nan guda uku. Na riƙe ta a tafin hannuna, babu mai ganin abin da na riƙe, aljihuna kuma yana nan. Mai takalman ya ce, "Saura me?" Na jefa ta. Akwatin da ba komai na ba wa wani mai gwangwan washegari.

Sati biyu ko uku na ji daɗin kaina. An rage ce min Ɗan Bangi, har sau ɗaya aka tura ni gaba na ja sallah. Bayan haka sai na fara ƙin shiga ɗakin baya ni kaɗai.

Koya ya dawo bayan an yi sulhu an kwashe shingayen hanya. Da hantsi ne, majalisa a cike. Ya rame, rigar jikinsa ta wani ce don ta yi masa yawa, ƙafar gilashinsa ɗaya ɗaure da zare. A bayansa akwai mai amalanke. Ban sami damar jan shi ƙofar baya ba, don kai tsaye ya nufi benci yana miƙa wa kowa hannu da 'yar Hausarsa.

"Sannu, sannu. Ni kawu na wannan. Uwa nasa ƙanwa nawa, ciki ɗaya."

Da ya zo kan Alhaji sai ya koma Sango, wadda Alhaji ke ji ko da ba ya mayarwa da kyau. Ya ce masa sun yi sa'ar maƙwabci, yaron nan jarumi ne, ya bi shi cikin kogo har ɗaki na ƙarshe inda ɗalibansa ma suke tsayawa, kuma littafi guda cur da hannunsa aka rubuta. Alhaji bai dube ni ba. Ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa. Mai takalman ya tashi kamar an kira shi, sai kuma ya koma ya zauna.

Koya ya juyo wurina yana murmushi. Ya ce gidan nasa ko ƙofa ba a bari ba, an cire kwanon rufi, littattafansa an hura wuta da su. Ya ce duk tsawon zamansa a ƙauye, in abin ya dame shi sai ya tuna akwatin yana wurina, sai ya sami barci. "Bari in rage maka kaya," in ji shi, ya yafito mai amalanken.

Na ce, "Koya, sojoji sun zo bincike. Sun fasa, sun ga taswirar, sun tafi da komai."

Da Sango na faɗa, kuma babu wanda bai ji ba a bencin nan. Na jira wani ya yi tari ko ya ce wani abu. Ba wanda ya ce uffan. Sun rufa min asiri, kuma ban taɓa jin abu mai nauyin wannan rufin asirin ba.

Koya ya nemi wuri ya zauna a kan buhun siminti. Ya cire gilashin ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon ƙasa. Na zaci zai tambayi ranar, ko kakin da suka sa, ko a bi sawu, har na fara shirya amsa. Da ya ɗago sai ya kama hannuna yana juya shi yana dubawa.

"Sun taɓa ka?"

Na ce a'a.

"Sun ga rubutunka a ciki?"

Na ce ba su lura ba.

Ya sauke numfashi ya ce to an gode Allah. Ya ce laifinsa ne. Shi da ya san halin da gari ke ciki, ya ɗauko takardu masu kibiyoyi da lambobi ya ajiye a ɗakin ɗan ƙanwarsa, bai yi tunanin abin da za su jawo ba, kansa kawai ya sani da ƙwarinsa. Ya ce da an harbe ni a kan gyare, da wane ido zai kalli mahaifiyata.

Da Sango in mutum zai roƙi gafara da gaske, cewa yake yi na riƙe ƙafarka. Yawanci a baki ake faɗa. Koya ya zamo daga kan buhun, dattijo mai furfura, a gaban majalisa da mai amalanke da masu wucewa a titi, ya sa hannu biyu ya riƙe idon sawuna.

Ya ce, "Ɗana, ka yafe min."

Alhaji ya ɗago kai a karo na farko ya dube ni. Yana jira, na kuma san abin da yake jira. Koya ma yana jira, hannuwansa riƙe da ƙafata.

Na ce, "Na yafe maka, Koya."

Ya yi min godiya, ya tashi ya sallami mai amalanken. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan, bai sake shiga kogon ba, kuma duk lokacin da muka haɗu sai ya ƙara ba ni haƙuri.